Ciwon Haƙori: Yadda Za Ka Gane Musabbabinsa da Lokacin da Jira Ya Zama Haɗari

Haƙorin da ya riga ya yi rami ba ya warkar da kansa. Fata idan ta yanke tana haɗewa, ƙashi idan ya karye yana ɗoruwa, amma ramin haƙori ƙaruwa zai yi ta yi har sai an cike shi ko an cire haƙorin. Wannan shi ne abin da ya kamata mai ciwon haƙori ya fara sani, domin yawancin wahalar da mutanenmu ke sha ta samo asali ne daga ɗaukar lafawar ciwo a matsayin warkewa. A sha magani kwana uku, zugi ya kwanta, a ce an samu sauƙi, a koma harka. Bayan wata biyu sai ga kunci ya kumbura.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, kuma wajen biliyan 2 daga cikinsu ruɓewar haƙori ce ke damun su. Abin da ya bambanta mu shi ne jinkiri: mukan isa wurin likita ne bayan haƙorin ya wuce gyara.

Mataki na farko: ka san abin da ke ciwon

Haƙori hawa uku ne. Farin da muke gani a waje shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan'adam, kuma ba ya jin komai. Ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai ɗan launin rawaya wanda bai kai shi tauri ba, cike da ƙananan hanyoyi da ke kai saƙo ciki. A tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini, a kulle cikin ɗan ƙaramin kogo.

Ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin dauɗar haƙori suna cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da tsami mai narkar da farin nan. Babu wata tsutsa a ciki. Masu cewa sun turara hayaƙi sun fitar da tsutsa daga haƙori dabara ce kawai, kuma ramin yana nan bayan an biya su. Ɓarnar tana tafiya ne kamar gara a azara: a waje ɗan baƙin ɗigo ne, ciki kuwa an cinye. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce yana cin tuwo kawai sai turminsa ya fashe. Ba tuwon ba ne, an yi shekara ana cin haƙorin ta ciki.

Idan ɓarnar ta kai jijiya, jijiyar takan kumbura, kuma ba ta da wurin da za ta buɗa domin bango mai tauri ya kewaye ta. Matsin nan shi ne zugin da ke sa babban mutum hawaye.

Mataki na biyu: ka saurari irin ciwon

Nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin kowane irin ciwo yana faɗin inda ɓarnar ta kai.

Idan ka sha ruwan sanyi ko ka tauna alawa sai ka ji wata suka mai kaifi, ta ɓace cikin daƙiƙa kaɗan da zarar abin ya bar bakin, to jijiyar tana da rai kuma ana iya ceto ta. Ko dai ƙaramin rami ne, ko tsohon ciko ya saki, ko dasashi ya ja baya wuyan haƙori ya fito fili. Wannan shi ne lokaci mafi arha da sauƙi na zuwa asibiti, kuma shi ne lokacin da kusan babu mai zuwa. Ciko ɗaya ya wadatar.

Idan haƙora da yawa ne ke wannan sukar tare, musamman a gefen dasashi, duba yadda kake goge baki. Burushi mai tauri, da dirza da ƙarfi gefe zuwa gefe, da goga gawayi ko toka ko gishiri don neman fari, duk suna kankare haƙori. Yawan tsotsar lemon tsami da tsamiya da shan lemon kwalba su ma suna zaizaye shi.

Idan kuma ciwon ya zarce rabin minti bayan sanyin ya wuce, ko ya taso haka kawai ba ka ci komai ba, ko ya tashe ka cikin dare, ko shayi mai zafi ya ƙara hura shi, to jijiyar ta kamu kamun da ba za ta farfaɗo ba. Mai irin wannan ciwo za ka same shi da ƙarfe biyun dare zaune a bakin gado, kofin ruwan randa a hannu, ya guntsa ya riƙe a kunci, da ruwan ya ɗumama ya tofar ya sake guntsar wani. Kwanciya tana ƙara masa zugi saboda jini ya fi taruwa a kai. Sau da yawa ba ya ma iya nuna haƙorin, sai ya ce duk gefen ne, har kunne, har ƙeya. Ciko kaɗai ba zai yi a nan ba: ko a yi aikin jijiya, ko a cire.

Daga nan sai wani abu ya faru wanda ke yaudarar mutane da yawa. Bayan kwanaki ana fama, sai ciwon ya ɗauke ɗif. Mutum ya ce maganin wane ya yi aiki. A gaskiya jijiyar ce ta mutu, mataccen abu kuwa ba ya jin zafi. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun samu kogo sun zauna, suna gangarawa ta saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi. Wani lokaci haƙorin yakan sauya launi ya yi duhu. Makonni ko watanni bayan haka ciwon zai dawo da wata siga: haƙorin ya zama kamar ya fi sauran tsawo, ko harshe ne ya taɓa shi sai an ji, ba a iya tauna a kansa, mugunya ta taru a gindinsa. Wani sai ɗan ƙurji ya fito a dasashi, ya riƙa fashewa yana tsiyayar da abu mai ɗaci da wari, ciwon ya ragu. Wannan ma ba warkewa ba ce, mugunyar ce ta samu mafita.

Akwai ciwon da sai an ciji abu ake jin sa, musamman a daidai lokacin da aka saki cizon, kuma ba ka ganin rami. Wannan yakan zama tsagewa. Tsakuwa cikin shinkafa ko wake, tauna ƙashi, fasa ƙanƙara, gwigwiyar goruba, buɗe kwalba da haƙori, duk suna jawo ta. Masu niƙa haƙora cikin barci su ma sukan tsaga nasu, su wayi gari muƙamuƙi a gajiye.

Idan dasashi ne ke jini duk lokacin da ka yi asuwaki, ga warin baki, ga haƙori ya fara girgiɗi ba tare da rami ba, ciwon dasashi ne. Dauɗar da aka bari ta daskare ta zama dutse a gindin haƙora, tana cin ƙashin da ke riƙe su. Ya fi tsanani ga masu ciwon suga da masu shan taba. Ba ya cika zugi, shi ya sa ake sakaci da shi har haƙora su fara zubewa.

Matashi mai shekara 17 zuwa 25 da ke jin ciwo can ƙarshen muƙamuƙin ƙasa, naman wurin ya kumbura, bakin ba ya buɗuwa sosai, yawanci turmin ƙarshe ne ke fitowa bai samu wuri ba, abinci na maƙalewa ƙarƙashin naman da ya rufe shi.

Wani ciwon kuma ba daga haƙorin yake ba. Lokacin hunturu, mai mura da toshewar hanci kan ji turamen sama da yawa suna nauyi tare, ya ƙaru idan ya yi ruku'u ko sujada. Kogon da ke cikin ƙashin kunci ne ya kumbura, saiwoyin waɗannan haƙora kuwa daf da shi suke. Mafi muhimmanci: ciwon muƙamuƙin ƙasa da ya zo tare da nauyin ƙirji, zufa, haki ko ciwon hannun hagu, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga, yana iya zama bugun zuciya. Wannan ɗakin gaggawa ake nufa kai tsaye.

Mataki na uku: ka duba da idonka

Wanke hannu, ɗauki madubi da fitilar waya. Nemi rami, baƙin tabo, ɓallewa, ƙurji a dasashi. Ƙwanƙwasa haƙoran a hankali da bayan ƙaramin cokali ka ji wanne ke amsawa. Kwatanta kumatunka biyu. Taɓa ƙarƙashin haɓa. Gwada buɗe baki: yawancin manya suna iya saka yatsu uku a jere tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Mai haƙorin Makka ya lura da gefensa, domin idan rufin ya saki abinci na shiga ƙarƙashi, haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Rashin ganin komai ba ya nufin babu komai, rami da yawa tsakanin haƙora biyu yake ɓuya, sai hoto ke nuna shi.

Mataki na huɗu: ka yanke shawarar yaushe za ka tafi

A tafi yanzu, ko tsakar dare ne, idan kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya ya yi tauri, ko harshe ya ɗago, ko haɗiyar yawu ta gagara har yana dalala, ko murya ta sauya, ko numfashi ya yi wuya. Mugunyar turamen ƙasa tana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ta toshe hanyar iska cikin sa'o'i, kuma ana mutuwa da wannan. Haka nan idan kumburin ya hau sama ya fara rufe ido, ko ga zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi da ruɗewa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko jini ya ƙi tsayawa bayan an cire haƙori. Kada a tsaya neman asibitin haƙori a irin wannan hali, kowane babban asibiti mai sashen gaggawa a shiga. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, suna da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi. A Nijar a nufi babban asibitin Yamai, ko na Damagaram, ko na Maraɗi.

Haƙorin babba da ya fita gaba ɗaya a haɗarin babur ko wurin ƙwallo shi ma gaggawa ne, kuma mutane kaɗan ne suka san ana iya mayar da shi. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. Idan ya yi ƙasa a ɗauraye shi a taƙaice da madara, a mayar da shi gurbinsa a ciji tsumma mai tsabta. Idan hakan ta gagara a tsoma shi cikin madara ko yawun mai haƙorin, a isa wurin likita cikin awa ɗaya. Ba a mayar da haƙorin yaron da bai yi famfara ba, domin zai iya lalata na dindindin da ke ƙasa.

A tafi cikin kwana ɗaya ko biyu idan ciwon na hana barci, ko magani ba ya kwantar da shi, ko kunci ya ɗan tasa, ko akwai mugunya, ko ciwon ya wuce kwana biyu. Mai ciwon suga, mai sikila, mai juna biyu, mai cutar ƙanjamau da wanda ke shan maganin daji, kada su jira ko kwana ɗaya, cuta tana saurin cin ƙarfinsu.

A tafi cikin mako ɗaya ko biyu idan sukar sanyi ce mai wucewa, ko ciko ya fita, ko dasashi na jini. Gyambon baki ko farin tabo da ya wuce mako uku bai warke ba lallai likita ya gan shi ko da ba ya ciwo, musamman ga mai shan sigari ko ɗura taba a baki.

Mataki na biyar: abin yi kafin ka isa

Babba zai iya shan farasitamol, gram 1 duk bayan awa 6, kada ya wuce gram 4 a yini. Ibuprofen miligram 400 duk bayan awa 8, bayan an ci abinci, ya fi kama ciwon haƙori saboda yana rage kumburi, kuma ana iya haɗa su biyun. Amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini da wanda irin wannan magani ke tayar wa asma su bar shi. Yara gwargwadon nauyinsu ake auna musu, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

Zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ka riƙa kurkurewa. Fitar da abincin da ya maƙale a hankali. Ka tauna ta ɗaya gefen, ka ƙara matashi idan za ka kwanta. Idan kunci ya kumbura, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora ta waje, kada ka gasa da ruwan zafi. Kanumfari yana da sinadarin da ke kashe zafi na ɗan lokaci, har likitocin haƙori suna amfani da irinsa, don haka ɗigo ɗaya na mansa a ɗan guntun auduga a kan ramin ba laifi. Da yawa yana ƙona dasashi, kuma ba na jarirai ba ne.

Mataki na shida: abin da ba a yi

Ruwan batir, fetur, kanwa, man birki, ko danna ƙwayar asfirin a dasashi: duk wanda ya ba ka wannan shawara bai ga bakin da aka yi wa haka ba. Naman wurin yakan yi fari fat ya saɓule, ciwo ya zama biyu.

Sai batun kemis. Ka ce haƙori ke damun ka, a ƙirgo maka ƙwayoyi kala huɗu a ƙulle a leda, babu suna babu kwali, da kafso ja da rawaya a ciki. Sau da yawa biyu daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne da ibuprofen, haɗa su kuwa shi ke huda ciki ya gajiyar da ƙoda. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Ampiclox da Flagyl ba sa warkar da ciwon haƙori, domin jini ba ya shiga matacciyar jijiya, ballantana ya kai mata magani. Likita kan rubuta su ne idan cutar ta fara bazuwa, tare da aikin da za a yi wa haƙorin. Tiramadol kuma bai cancanci a fara shi don haƙori ba, mun ga inda ya kai matasa.

Kada ka bari mai bin kasuwa ya cire maka haƙori. Saiwa kan karye ta rage a ciki, ga kayan aikin da ba a dafa ba suna ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga baki zuwa baki.

Mataki na bakwai: a gaban likita

Faɗa masa yaushe ciwon ya fara, me ke tayar da shi, me ka sha. Faɗi cututtukanka da magungunanka ba tare da ɓoyo ba, da kuma idan wani magani ya taɓa yi maka borin jini. Ka ci abinci kafin ka je. Zai duba, ya ƙwanƙwasa, mai yiwuwa ya ɗauki hoto.

Mutane da yawa suna shiga da maganar "a cire kawai". Ina roƙon ka fara tambaya ko haƙorin zai cetu. Aikin jijiya, wato a buɗe haƙorin a kwashe matacciyar jijiyar a wanke a toshe, ya fi cirewa tsada kuma yakan ɗauki zuwa fiye da ɗaya, amma haƙorinka ya zauna. Giɓi yana da nasa kuɗin daga baya: maƙwabta su karkato, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe ɗaya. Idan aljihu bai kai ba, ko haƙorin ya lalace, cirewa ta fi zama da mugunya nesa ba kusa ba. Da allurar kashe zafi ake yi, turi za ka ji, ba zafi ba. Cire haƙorin sama ba ya taɓa ido. Wankin haƙori kuma ba ya sa haƙora girgiɗi, dutsen da aka cire ne ya ɓoye ɓarnar da ya riga ya yi.

Bayan an cire, ciji audugar minti 30, kada ka kurkure baki ko ka yi ta tofi ranar, kada ka sha taba, kada ka sa harshe ko tsinke a gurbin. Gudan jinin da ya daskare a wurin shi ne murfin ciwon. Washegari ka fara kurkura da ruwan gishiri a hankali. Idan bayan kwana biyu zuwa huɗu zugi ya dawo da ƙarfi da wari, murfin ya fita, koma a wanke a sa maka magani.

Yara da masu juna biyu

Uwa, kada ki ce ai haƙorin zai faɗi ne. Haƙoran yarinta guda 20 suna riƙe wa na dindindin wuri, kuma mugunyarsu tana taɓa na ƙasa. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, can baya, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke zaton na yarinta ne su bar shi ya ruɓe.

Fitowar haƙori kan sa jariri dalala da ƙiwa, amma zazzaɓi mai zafi da gudawa ba a jingina su ga haƙori a zauna. Maleriya ce ko wata cutar, a kai shi asibiti. A guji ruwan maganin fitar haƙori na kan titi: tsakanin 2008 da 2009 wani mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara 84 a Nijeriya.

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, idan dasashinsa ya yi gyambo yana jini da wari, kuncinsa ya fara kumbura, a garzaya da shi a ranar. Cutar da likitoci ke kira noma ke farawa haka, tana cin fuska cikin kwanaki, amma a farkonta magani mai sauƙi yana tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, sai dai asibiti mafi kusa shi ne na fara zuwa.

Mai juna biyu tana iya ganin likitan haƙori, a yi mata allura a yi mata aiki. Ta dai sanar da shi watannin cikin.

Don kada a sake

Goge baki sau biyu a yini, minti biyu, na dare kafin barci ya fi muhimmanci domin yawu yana raguwa cikin barci. Duba jikin man goge bakin ka ga yana da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, na manya yawanci 1450 ake rubutawa. Ka tofar bayan gogewa amma kada ka kurkure da ruwa, a bar man ya yi aikinsa. Ɗan ƙasa da shekara 3 shafa kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Asuwaki yana tsabtace haƙori sosai, a ci gaba da shi, a haɗa da man saboda fuloraid ɗin.

Yawan lokutan da sukari ke taɓa haƙori ya fi yawan sukarin ɓarna. Mai zama a majalisa yana kurɓar shayi mai zaƙi daga la'asar har dare bakinsa ba ya samun hutu daga tsami. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da wajen ƙaramin cokali 9 na sukari. Idan za a sha, a sha tare da abinci a gama, a bi da ruwa. Kuma sau ɗaya a shekara, ko babu abin da ke ciwo, ka yanki kati a duba maka baki.